Sabon Injiniyan Lantarki a Ƙofar Jamus

Duk wanda ya gama digirin injiniyan lantarki a Zariya ko Kano ko Bauchi, ya sauke kakin bautar ƙasa, ya fara leƙen ƙasashen waje, da wuya bai ci karo da sunan Jamus ba. Ba banza ba. Ƙasar ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe na nukiliya a watan Afrilun 2023, ta kuma ɗora wa kanta burin cewa kafin 2030 ta wuce, kashi 80 cikin ɗari na wutarta daga iska da rana da makamantansu zai fito. Sai dai iskar ta fi ƙarfi a arewa, wajen teku, masana'antu masu cin wuta kuwa da yawansu suna kudu. Dole a ja wutar. Layin SuedLink kaɗai, wanda ake binnewa a ƙasa, ya kai kimanin kilomita 700. Kamfanoni huɗu masu riƙe da manyan layukan ƙasar, TenneT da Amprion da 50Hertz da TransnetBW, duk suna cikin aikin faɗaɗawa, ga tsofaffin injiniyoyi suna ta ritaya.

To amma a ce ana neman injiniyoyi daban, a ce ana neman sabon injiniya daga Najeriya daban. Nan ne da yawa suke yin tuntuɓe.

Maganar takarda ita ce mai sauƙi. Jamus tana da wani kundi a intanet mai suna anabin, inda ake duba jami'o'in duniya. Idan jami'ar mutum tana da alamar H+, an yarda da ita. Idan kuma digirin kansa bai fito a kundin ba, sai a nemi ofishin ZAB da ke Bon ya auna shi. Tun daga Yunin 2024 akwai bizar da suke kira Chancenkarte, wadda ke bai wa mutum shekara guda ya zo ya nemi aiki, yana ɗan taɓa aikin awa ashirin a mako. Sharaɗinta mai nauyi kuɗi ne: a nuna abin da zai riƙe mutum, sama da Yuro dubu ɗaya kowane wata. A juya wannan zuwa naira a gani.

Wahalar tana cikin sana'ar kanta. Dokar Ohm ba ta canza ba, wutar gidajensu bolt 230 ce kamar tamu. Amma mutum na shiga ɗaki zai ga fulogin cajarsa mai ƙafa uku, irin na Ingila da muka gada, ba shi da wurin shiga: soket ɗinsu rami biyu ne masu zagaye, wayar ƙasa kuma ƙarfe ce a gefe. Wanda ya taso yana ganin wayoyi ja da baƙi a tsofaffin gidajenmu, can ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce nutural, kore da ɗorawa ta ƙasa. Wuta mai layi uku, wadda masu wayarin namu ke kira tiri-fes, har murhun girki ake kai ta. Duk waɗannan a rubuce suke cikin ƙa'idodin lantarki na Jamus da ake kira VDE, kuma mai ɗaukar aiki yana sa ran ka san su kamar yadda direba ya san dokar hanya. Zai tambaye ka ko ka taɓa zana akwatin lantarki da manhajar EPLAN, ko ka tsara na'urar sarrafa injin masana'anta da TIA Portal ta Siemens, ko ka gwada layin wuta a PowerFactory. Wanda iliminsa duk a allo da takardar jarrabawa ya tsaya, nan zai yi shiru, ko da kuwa shi ne zakaran ajinsu.

Sai harshe. A manyan kamfanoni da wuraren ƙera ƙananan sassan kwamfuta, irin na Dresden, Turanci yana iya kai mutum. Amma ƙananan kamfanoni na iyali ne suka cika ƙasar, su ne kuma suka fi ƙishin ma'aikata, kuma a can zane da Jamusanci yake, taron safe da Jamusanci, mai haɗa waya da za ka ba umarni da Jamusanci zai amsa maka. A ganina matakin B1 na Jamusanci shi ne ƙaramin abin da ya kamata a tafi da shi, kuma gara a fara tun a gida.

Shi ya sa ƙofar da ta fi buɗewa ga sabon injiniya ba ta kamfani ba ce, ta jami'a ce. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan kuɗin zango, ban da irin jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Mai karatun digiri na biyu yana iya shiga kamfani a matsayin ɗalibi ma'aikaci, awa ashirin a mako, sau da yawa ma a can zai rubuta kundinsa. Kafin ya gama sun san hannunsa, shi ma ya san ƙa'idodinsu. In bai samu wuri nan take ba, doka ta ba shi wata 18 ya nema.

Wanda ba shi da halin wannan, shekara biyu ko uku a gida ba asara ba ce. Wanda ya haɗa sola da inbata a asibiti, ko ya kwana da taransifoma a kamfanin rarraba wuta, yana da abin faɗa ranar ganawa. Ko Saudiyya, da mutanenmu suka fi sabawa da ita, shekara biyar ta aiki take nema kafin a ɗauko injiniya daga waje. 

Idan aikin ya samu a Jamus, kuma albashin ya kai ma'aunin da ake sabuntawa duk shekara, sai a ba mutum katin zama na ƙwararru da ake kira Blue Card. Wata shida na farko yawanci na gwaji ne, kuma a cikinsu sanarwar mako biyu ta isa a sallami mutum. Wanda ya tsallake, ya kuma kai B1 a Jamusanci, bayan wata 21 yana iya neman takardar zaman dindindin. Mai Jamusancin gaisuwa kawai sai ya jira wata 27.