Faifan Gida da Na'urar da Ta Ƙi Karɓarsa

Faifan bidiyo da ake bugawa a gida ko a ƙaramin shago iri biyu ne: VCD, wanda aka tsayar da tsarinsa a 1993, da DVD, wanda ya shiga kasuwar Japan a 1996. Na farko yana ɗaukar kimanin minti 80, na biyu gigabayit 4.7, wato wajen awa biyu da hoto tangaran. A Kankiya, da ke kan titin Kano zuwa Katsina, da maƙwabciyarta Kusada, su suka gaji kaset. A lokacin, fina-finan Hausa daga dilolin Kano suke zuwa, amma bikin aure da saukar Alƙur'ani da naɗin sarauta, mai kyamara ne ke ɗauka, ya tace a kwamfuta, ya buga, ya rubuta sunan ango da amarya da maka a bayan faifan.

Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya shida, suka kulle faifan DVD na asali don kada na wata shiyya ya yi aiki a wata. Amurka tana ta 1. Turai da Japan da Saudiyya suna ta 2. Najeriya da Nijar da Indiya suna ta 5. Shi ya sa faifan da alhaji ya sayo a Makka kan iya ƙin buɗewa a gida. Sai dai wannan kulle bai cika damun mutanenmu ba, domin yawancin na'urorin Sin da ke kasuwa ba ruwansu da shiyya, VCD ba shi da kulle sam, faifan da aka buga a gida ma haka yake fitowa a sake.

Matsalar faifan gida tana wani wurin. Najeriya na bin tsarin PAL mai layi 625 da hoto 25 a daƙiƙa, Amurka kuwa NTSC mai layi 525 da hoto kusan 30. Idan mai bugu ya bar manhajarsa a kan NTSC, tsohuwar talabijin sai ta nuna baƙi da fari, ko hoton ya riƙa birgima. Wani kuma yakan kwashi fayil ya zuba a faifai kai tsaye, bai mayar da shi tsarin DVD ba: kwamfuta ta karanta lafiya lau, na'urar falo ta yi ta juyi har ta ce babu faifai. Haka ma idan ba a rufe faifan ba bayan bugu, ko aka buga da gudun 16 maimakon 4 ko 8. Tsofaffin na'urori sun fi jituwa da DVD-R a kan DVD+R. Ƙurar hunturu kuma kan rufe idon na'ura, a yi ta goge faifai da gefen riga alhali ba laifinsa ba ne.

Yau masu turi sun karɓe kasuwar, fim ya koma waya da memori. Abin damuwa shi ne faifan gida a kan wani siririn rini yake riƙe bayanansa, zafi da rana kuma suna cinye shi sannu a hankali. Fim ɗin kasuwa ana iya samun wani kwafin, amma faifan walimar gida sau da yawa shi kaɗai ne. Duk mai irinsa a akwati, ya kai a juye masa a wuri biyu tun yana karantuwa.