Ƴaƴan Sinawa na Pari da harshen kakanninsu

A birnin Pari na ƙasar Faransa akwai Sinawa da yawa. Wasu sun zo bayan shekarar 1975. Ƴan gudun hijira ne daga Biyetnam da Kambodiya da Lawos, inda kakanninsu suka daɗe da zama. Sun sauka a gunduma ta 13 ta birnin. Wasu kuma sun taso daga garin Wenzhou na ƙasar Sin, galibi tun daga shekarun 1980.

Ƴaƴansu a Faransa aka haife su. A lakwal faransanci suke yi, a wurin wasa ma haka. Idan uwa ta yi wa ɗanta magana da sinanci, yana ji sarai, amma sau da yawa sai ya amsa da faransanci. Jin harshe daban, yarda a buɗa baki da shi daban.

Mi ya kawo haka?

Na farko, sinanci ba iri ɗaya ba ne. Iyaye suna kai yara darasin sinanci ran Laraba ko Asabar. A can Mandarin ake koyarwa, wato harshen hukuma na ƙasar Sin. Amma a gida tsohuwa harshen Wenzhou take yi, ko na Kanton. Mai jin Mandarin kaɗai ba ya gane su. Yaro ya koyo wani abu a aji, ya tarar da wani a gida.

Na biyu, rubutun yana da wuya. Ba baƙaƙe ake haɗawa ba, alamomi ne. Sai mutum ya san wajen 3000 kafin ya karanta jarida.

Na uku shi ne kunya, kuma ita ta fi nauyi. Mandarin yana da karin sauti huɗu. Kamar a hausa, idan murya ta kauce, ma'ana ta sake. Yaro ya kuskure, manya su yi dariya. Wasu har suna kiran irin waɗannan yara "ayaba", wai bayansu na Sin ne, cikinsu na Turawa. Wanda aka yi wa dariya sau biyu, na uku shiru zai yi.

Duk da haka, da yawa suna komowa ga harshen idan sun girma. Wani yana son taimakon ubansa a kanti. Wata tana son hira da kakarta ta waya, ba tare da tafinta ba. Inda aka saurari yaro da haƙuri, bakinsa yakan buɗe. Inda aka yi masa ba'a, sai jika da kaka su zauna ɗaki guda ba mai ce wa wani komi.

Tambayoyi

1. Daga ina Sinawan Pari suka zo?
2. Wane harshe ake koyarwa a darasin sinanci?
3. Mi ke hana yaro magana da harshen da yake ji?