Shin Ko Kun San? Inda Ake Cin Abinci A Kuala Lumpur

Shin ko kun san cewa a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, tambayar "ka ci abinci?" gaisuwa ce? Da Malayanci cewa suke yi "sudah makan?", kuma mai tambayar ba lallai ne yana shirin kawo maka kwano ba, kamar dai yadda muke cewa "ina gajiya". Birni ne mai mutum kusan miliyan 2: kusan rabinsu Malayawa ne da sauran 'yan ƙasa na asali, fiye da kashi 40 cikin 100 'yan asalin Sin, kimanin kashi 10 kuma 'yan asalin Indiya. Kowace al'umma ta zo da tukunyarta, ta kafa murhu a unguwarta. Saboda haka baƙon da ya ce a nuna masa wurin cin abinci, sai an fara tambayarsa: abincin wa?

Shin ko kun san kuza ce ta haifi garin? A wajajen 1857 ne wani basarake mai suna Raja Abdullah ya tura Sinawa 87 su haƙa kuza a Ampang. Sun sauka a mahaɗar kogunan Klang da Gombak, wuri mai taɓo, kuma ma'anar sunan garin ke nan: mahaɗa mai laka. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe mafi yawan ayarin farko, wasu suka biyo sawu. Yau ramukan kuza sun zama tarihi, amma Ampang ta yi suna da wani abin daban, wato "yong tau foo", girkin ƙabilar Hakka. Awara ce. Ƙwarai kuwa, awarar waken suya da yara ke talla a Kano da Katsina, sai dai can ana fafe cikinta a cusa niƙaƙƙen kifi, haka ma ake cusa shi cikin kuɓewa da barkono da gauta, a jefa a romo ko a soya. Na gargajiya yakan haɗa da naman alade, amma akwai na halal a wurin Malayawa.

Tunda an ambaci alade, bari a tsaya a nan kaɗan, don wannan ne abin da ya fi damun matafiyi Musulmi. Shin ko kun san hukumar gwamnati ce, JAKIM, ke ba da shaidar halal, kuma tambarinta ne ake liƙawa a ƙofar gidan abinci? Allon da ke cewa "ba mu sa naman alade" ba daidai yake da wannan tambari ba, domin girkin Sinawa na iya ɗaukar giyar shinkafa, kuma ba a san wanda ya yanka kazar ba. A ɗaya gefen, ƙananan rumfunan Malayawa da yawa ba su da takarda, amma Musulmi ne ke dafawa. A tambaya. Mutanen garin sun saba da tambayar, ba wanda zai ji haushi.

Titin Petaling, cibiyar tsohuwar unguwar Sinawa, yana da wani suna a bakin masu harshen Kantonis: "Chee Cheong Kai", titin masana'antar sitaci. Shin ko kun san rogo ne dalili? Yap Ah Loy, shugaban Sinawan garin na uku kuma mutumin da ya sake gina shi bayan yaƙin basasar jihar Selangor, ya kafa injin niƙa rogo a wurin. Abin da titin ya shahara da shi yanzu shi ne "Hokkien mee", taliya mai kauri da ake soyawa a kan wutar gawayi da baƙin romon waken suya, amma da kitsen alade ake yin ta. Musulmi ya wuce ta, ya nemi abin sha mai sanyi da suke kira "air mata kucing", wanda ake dafawa da busassun 'ya'yan itacen longan. Haka titin Alor da ke Bukit Bintang: da yamma ta yi sai a jera tebura har tsakiyar titi, hayaƙin gasassun fukafukan kaza ya turnuƙe, 'yan yawon buɗe ido su cika shi maƙil. Wuri ne na kallo, amma mafi yawan shagunansa ba na halal ba ne. Kusa da shi akwai layin Larabawa, inda ake samun shinkafar mandi ta Yamen da shawarma.

Shin ko kun san akwai ƙauye a tsakiyar birnin? Kampung Baru, wato sabon ƙauye, Turawan Ingila ne suka ware shi a ƙarshen ƙarni na 19 don Malayawa su yi noma su ciyar da gari. Har yau akwai gidajen katako a kan dirkoki, da bishiyoyin ayaba da kaji a tsakar gida, ga tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452 suna leƙo su ta sama. Gadar ƙafa ta Saloma, da aka buɗe a 2020, ita ta haɗa ɓangarorin biyu. Ni dai da za a ce in zaɓar wa baƙo wuri guda, nan zan kai shi da sassafe, ya karya da "nasi lemak". Shinkafa ce da ake turarawa da madarar kwakwa da ganyen pandan mai ƙamshi, a sa mata "sambal", wato soyayyen barkono da albasa mai ɗan zaƙi, da soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifi masu garas-garas, da yankan kokwamba, da rabin dafaffen ƙwai. A naɗe a ganyen ayaba, ƙulli ɗaya kamar ɗan dala. Mai hali ya ƙara da soyayyar kaza ko "rendang", naman da aka dafa da madarar kwakwa har ruwan ya ƙafe. Direban tasi da babban darakta duk abin da suke karyawa da shi ke nan, kuma Basine da Ba'indiye ma sun ɗauke shi nasu.

Ga wadda za ta ba ku mamaki. Shin ko kun san ɗorawa tana da 'yar'uwa a Malesiya? Sunanta "petai", kuma masana tsirrai sun sa su a dangi guda mai suna Parkia. Mu muna dafa kalwa mu rufe ta ta ruɓa ta zama daddawa. Su kuwa koren ƙwayar suke ɓarewa su soya cikin sambal da jatan lande. Tana da ɗaci-ɗaci da wari mai naci, wanda ke bin mutum har washegari. Aikin da daddawa ke yi a miyarmu kuma, "belacan" ke yi a tasu: ƙananan jatan lande ne ake gishirtawa a bar su su ruɓa, a daka, a shanya, a curo. Duk wanda ya san ƙamshin daddawa a tukunya ba zai yi wa belacan kallon baƙo ba.

Amma wurin da ya fi ba ni sha'awa a garin nan shi ne "mamak". Shin ko kun san kalmar daga harshen Tamil ta fito, ma'anarta kawu? Musulmi ne 'yan asalin kudancin Indiya ke riƙe da waɗannan shaguna, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Muhimmancinsu ya wuce na ciki. Bamalaye ba zai ci a shagon Basine mai alade ba. Ba'indiye mabiyin Hindu ba ya cin naman shanu. Amma a mamak abinci halal ne, ga kaza da kifi da rago, ga na ganye zalla ga wanda ba ya cin nama. Shi ya sa nan ne za ka ga ƙabilun uku a teburi ɗaya, ƙarfe biyun dare, idonsu na kan babbar talabijin suna kallon ƙwallon Ingila. Garin da ya ga rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 ya san darajar irin wannan teburi.

Wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Sabon Gari ko Tudun Wada zai ji kamar gida ya zo. "Teh tarik" na nufin shayin da aka ja: baƙin shayi mai ƙarfi da madarar gwangwani mai kauri, a riƙa juya shi daga kofi zuwa kofi ana ɗaga hannu sama, har ya huce ya yi kumfa. Sak yadda namu ke yi, har gasa ake shiryawa a kai. Inda namu ke soya Indomie da ƙwai, su "Maggi goreng" suke soyawa, domin a can sunan Maggi taliya yake tunawa mutane, ba ɗanɗanon miya ba. Sai "roti canai": kwaɓin fulawa ne da ake shafa wa mai, a yi ta wurga shi a iska yana faɗi har ya zama kamar mayafi, a ninke, a gasa a kan faffaɗan ƙarfe, a ci da miyar kori ko ta wake. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adar karin kumallon Malesiya cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma nasi lemak da roti canai da teh tarik ne ginshiƙanta.

Kalmomi kaɗan sun isa a yi oda. "Kurang manis", a rage zaƙi, kuma ku riƙe wannan da kyau don hannunsu na da nauyi a sukari. "Teh O", shayi ba madara. "Kosong", ba sukari sam. "Teh halia", mai citta. "Pedas", yaji. "Bungkus", a ƙulle min in tafi da shi. Mai kawo abincin kuma ana kiransa "bos", ko "anne", wato yaya da Tamil.

Shin ko kun san "nasi kandar" daga sanda ya samo suna? A tsibirin Penang, masu tallan farko suna rataya tukwane biyu a sanda su saɓa a kafaɗa, kamar 'yan garuwa, kuma sunan sandar "kandar". Yanzu shaguna ne manya a Kuala Lumpur. Ka ce "banjir", ambaliya, sai a kwarara maka miya iri uku ko huɗu a kan shinkafa ɗaya, a ɗora kuɓewa a gefe.

Brickfields, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta KL Sentral, ita ce unguwar Indiyawa. Gobara da ambaliya sun cinye garin a 1881, sai Frank Swettenham, wakilin Ingila a Selangor, ya ba da umarnin a daina gini da katako da ciyawa. Nan aka kafa wuraren gasa jan bulo, daga baya ma'aikatan jirgin ƙasa 'yan Tamil suka zauna. A nan babu faranti: ganyen ayaba za a shimfiɗa maka, a zuba shinkafa, a jera ganyayyaki kala uku, a bi da miya, ka ci da hannun dama. In ka ƙoshi sai ka ninke ganyen ya fuskanto ka, alamar godiya. Ninkewa waje an bar wa zaman makoki. Shagunan Hindu ne da yawa, don haka mai shakkar yanka ya tsaya kan na ganye, wanda shi kaɗai ma ya isa.

Shin ko kun san suna da tsire? "Satay" suke ce masa: ƙananan yankan kaza ko naman shanu a tsinke, a jiƙa da kurkum da sukari, a gasa a gawayi. Gyaɗar da mu ke barbaɗawa a matsayin garin ƙuli-ƙuli, su miya suke yi da ita mai kauri a riƙa tsomawa, da albasa da kokwamba da curin shinkafa. Garin Kajang da ke kudu da birnin shi ne gidan satay, kuma jirgin cikin gari na kai wa har can. Bahaushe zai ji zaƙin ya yi masa yawa a tsinken farko. A na biyar ya saba.

Man da ake duk wannan suya da shi kuwa, asalin bishiyarsa Afirka ta Yamma ne. Ana yawan cewa a shekarun 1960 Malesiya ta zo Najeriya ta ɗebi irin kwakwar manja. An yi musayar iri don bincike daga baya, amma gonar kasuwanci ta farko, Tennamaram a jihar Selangor, tun 1917 wani Bafaranshe, Henri Fauconnier, ya dasa ta. Yau Indunusiya ce kaɗai ta fi Malesiya samar da manja. Sai dai a kicin ɗinsu ba za ka gan shi ja ba, tacewa ake yi ya koma fari kamar man gyaɗa.

Wanda ya dace da watan azumi ya more. Bayan la'asar tituna kan rikiɗe su zama kasuwannin buɗa-baki, kuma masallacin Juma'a na Kampung Baru ya daɗe yana raba "bubur lambuk" kyauta, faten shinkafa da nama da kayan ƙamshi da madarar kwakwa, wanda ake dafawa a manyan tukwane mutane su yi layi. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa a Gombak, wadda aka kafa a 1983, sun san wannan layi. Da Sallah kuma sai "rumah terbuka", buɗaɗɗen gida: kowa ya shigo ya ci, ko wane ne addininsa, kuma Sinawa da Indiyawa na ramawa a nasu bukukuwan.

Ga mai son zaga kasuwa kuwa, kasuwar Chow Kit ce ta ɗanyen kaya, kifi da nama da kayan miya. Kasuwar dare ta Taman Connaught ranar Laraba take ci, tsawonta ya kusa kilomita 2.

Shin ko kun san akwai ɗan itacen da otal-otal da jiragen cikin gari suka hana shiga da shi? "Durian" ke nan, daga kalmar "duri", ƙaya, don jikinsa kamar na bushiya yake, girmansa kamar ƙwallo. Warinsa na cika ɗaki ya kwana. Cikinsa kuwa laushi ne kamar man shanu, zaƙi da ɗan ɗaci a haɗe. Wanda ya fi tsada shi ne Musang King, da ake nomawa sosai a Raub ta jihar Pahang, kuma kakarsa ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Agusta. A bakin titi ake cinsa, a tsaye ko a kan kujerar roba, mai sayarwa ya fasa maka da wuƙa nan take. Mutanen garin kan bi shi da mangostin, wai yana sanyaya zafinsa, sannan su zuba ruwa a cikin ɓawon durian ɗin su wanke hannu da shi don warin ya saki.