Fuskar Rado, cikin wani: sauya fuskar agogo a Maraɗi

Duk wanda ya san alhazan birnin Maraɗi ya san agogo ba don sanin lokaci kaɗai ake ɗaura shi ba. Ladan yana nan, ga kuma salula a aljihu. Rado, Omega ko Rolex a hannun babban mutum shaida ce ta arziki, kamar babbar riga mai aiki. Akan kawo su daga Makka, Dubai ko Kano, a sa su cikin lefe, a ba da su jingina, a kuma raba su cikin gado.

To amma mai saye fuskar kawai yake gani, ita kuwa fuska ana sauya ta.

Ga yadda abin yake. A bayan galibin fuskoki akwai ƴan ƙafafu biyu na ƙarfe masu shiga cikin ramukan inji. Kowane irin inji da wurin da ramukansa suke, da faɗinsa, da inda tagar kwanan wata take faɗawa. Saboda haka fuskar tsohuwar Datejust mai inji 1575 ba ta zama a kan inji 3035 da kamfanin Rolex ya fito da shi a shekara ta 1977, ko da yake sunan agogon ɗaya ne. Inda aikin ya zo da sauƙi shi ne wajen injunan da kamfanoni da yawa suke tarayya a kansu. Masana'antar ETA ta ƙasar Suwis ta daɗe tana sayar wa manya da ƙananan kamfanoni inji iri ɗaya, har da Rado. Haka Seiko 5 ta Japon, wadda ta fito a 1963: fuskokinta da yawa faɗinsu ɗaya ne, milimita 28 da rabi, sai dai a lura ko maɓallin wani yana daidai ƙarfe 3 ko ƙarfe 4.

Idan ƙafafun ba su dace ba, mai gyara marar haƙuri sai ya karya su, ya manna fuskar da gam. Ranar farko ba a ganin komi. Da zafin bazara ya yi tsanani sai gam ya saki, fuskar ta goce, hannuwan su riƙa gugar ta, kwanan wata ya tsaya rabi a ɓoye. Ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa sauran.

Ba kowane sauyi ne ha'inci ba. Mutumin Tibiri ko na Jiratawa da ruwa ya shiga agogon mahaifinsa har fuskar ta yi tsatsa, in ya kawo shi birni aka ɗauko ta wani mataccen agogo aka sa masa, taimako aka yi masa. Tun karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da kayan Turai suka ninka kuɗi, gyara da tsofaffin kaya ya ƙara zama dole. Laifin yana farawa ne ranar da za a sayar, aka yi shiru. Fuska mai babban suna a kan inji mai araha, wannan algus ne, kamar zuba ruwa cikin nono.

A kasuwar duniya ma fuska ce ke ɗauke da kuɗin. A watan Oktoba na 2017, a birnin New York, an yi gwanjon Rolex Daytona ta ɗan wasan sinima Paul Newman a kan sama da dalar Amurka miliyan 17, kuma irin fuskarta ce masu tara agoguna suke rububi. Su a wurinsu tsohuwar fuska ta asali, ko ta koɗe, ta fi sabuwa daraja. Daga Indiya kuwa tsofaffin Seiko da Citizen da aka sake wa fenti suna ta kwararowa ta intanet.

Mai niyyar saye ya sa a buɗe bayan agogon a gabansa, ya ga ko sunan da ke kan inji ya yi daidai da na fuska. Ya duba ko lambar kwanan wata tana tsakiyar tagarta. Wanda kuma ya kai nasa a sauya masa fuska, ya karɓi tsohuwar ya adana.