Shafi-Shafi Ko Sai An Kammala?

Marubutan labaran Hausa na wannan zamani sun kasu gida biyu a kan wata tambaya da ba ta shafi jigo ko salo ba: yaushe ya kamata mai karatu ya ga aikin? Akwai masu sakin labari shafi-shafi, su rubuta da rana, su tura zauren WhatsApp da dare, washegari su ɗora daga inda aka tsaya. Akwai kuma masu kulle kansu da labari har sai sun kai ƙarshensa, sun sake bi, sun ba wani ya duba, kafin kowa ya ji ɗuriyarsa.

Babu wadda ta faɗo daga sama a cikin hanyoyin biyu. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, kammalallen labari aka nema, kuma a haka Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Bayan shekara hamsin da ɗoriya, lokacin da sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka cika shagunan littattafai a Kano, sai aka saba da littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Ga marubuta da yawa, cinikin na ɗaya ne ke biyan kuɗin ɗab'in na biyu. Masu tura shafi a waya yau sun gaji wannan ɗabi'a ce, sun dai rage tazarar daga watanni zuwa kwana guda.

Wajen tara masu karatu, mai shafi-shafi ce ke gaba, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Na ce "mai shafi-shafi ce" domin mata ne suka fi yawa a wannan fage, marubuta da masu karatu. Lamarinta kamar na mai ƙosai ne a bakin layi: ba lalle nata ya fi na kowa daɗi ba, amma kowa ya san ƙarfe bakwai kaskonta na kan wuta, don haka ƙafa ta saba da zuwa. Idan ta ce bayan sallar isha'i shafi zai shigo, kuma ya shigo yau, ya shigo gobe, cikin 'yan makonni za ka ga matar aure ta gama kwantar da yara tana duba waya, ɗaliba ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta tura wa 'yar'uwarta da ke aure a Maraɗi ko Jidda. Shi kuwa mai jiran kammalawa, shekara na iya zagayowa ba a ji motsinsa ba. Ranar da ya fito da littafinsa, sai ya tarar dole ya sake gabatar da kansa ga mutanen da suka manta sunansa.

Sai dai wannan kusanci da masu karatu yana da farashi, kuma labarin ne ke biya. A ce marubuciya ta tsara tun farko cewa mijin nan azzalumi zai rabu da jarumarta a tsakiyar labari. Ta kai shafi na talatin, sai saƙonni suka fara shigowa: "Anti, don Allah kar ki raba su", "Wallahi in kika kashe shi na daina karantawa". Mutum ɗaya ba ya juya alƙalami, amma mutum ɗari biyu a dare guda suna iyawa. Sai azzalumi ya tuba ba tare da wani dalili ba, kishiya ta haukace don a huce haushi, labarin da aka auna wa shafi arba'in ya kai casa'in saboda ana jin daɗinsa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne babu komawa baya. Idan a shafi na sittin ta gano cewa da ta sanya wa jarumar ƙane tun a shafi na uku da ƙulli ya warware cikin sauƙi, ta makara, shafi na uku yana cikin wayoyin mutanen da ba ta san adadinsu ba. Mai kammalawa yana da wannan gata: ya koma farko ya shuka abin da zai girba a ƙarshe, ya cire babi guda cur idan ya ga nauyi kawai yake ƙarawa, ya gyara sunan da ya rikiɗe daga Safiya zuwa Sadiya a tsakiyar hanya. Amma kada a ɗauka shirun nasa alheri ne zalla. Wanda ba ya jin muryar kowa yana iya shafe wata tara yana gina labarin da tun babi na biyu ya gundiri mutane, babu mai faɗa masa.

Batun kuɗi ya fi rikitarwa. Tsarin da aka saba a waya shi ne a saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutum sai a ce ci gaba na kuɗi ne: ka tura ta banki ko katin waya, ka nuna shaidar biya, a saka ka a zauren waɗanda suka biya. Marubuciyar ba ta sayi takarda ba, ba ta je maɗaba'a ba, kuma kuɗi na shigowa tun labari bai ƙare ba. Matsalar ita ce mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa wa dubu, wani kuma ya ɗauka ya karanta da murya a YouTube ba tare da ya nemi izini ba. Mai buga littafi shi ma bai tsira ba. Ya zuba jarinsa a takarda da tawada, ya kai wa dillali bashi, sannan ya shiga sintirin karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan, ga masu bayar da hayar littafi da kwafi ɗaya ke zagaye unguwa. Bambancin dai shi ne nasa yana da bango da suna da shekara, ana iya ajiye shi a laburare, ɗalibin jami'a ya yi nazari a kansa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, kuma saboda yana nan a matsayin littafi aka iya fassara shi zuwa Turanci a 2012.

Akwai kuma gajiya, wadda ba a cika maganarta ba. Alkawarin kullum ba ya sanin an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, ko yaro na zazzaɓi. Kwana uku babu shafi, masu roƙo sun koma masu gori, musamman waɗanda suka biya. Labarai nawa ne suka tsaya cak a tsakiya saboda an sace waya, kuma babu kwafi a ko'ina sai a cikinta? Mai kammalawa ba shi da mai tsaye a kansa, wanda hakan hutu ne, amma shi ne kuma dalilin da ya sa rubuce-rubuce da dama suka tsufa a cikin akwati suna jiran babin ƙarshe.

Abin lura a nan shi ne littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A cikinsa, dabarar aku ke nan ta tsare Musa ɗan sarki: labari bayan labari, dare bayan dare, don kada ya fita. Imam ya san sirrin riƙe mai sauraro da ci gaba, amma ya saka sirrin a cikin aikin da ya gama tsarawa kafin ya kai hannun jama'a.

Idan aka tilasta mini zaɓi, ga sabon marubuci zan ce ya fara da shafi-shafi, domin babu makarantar da ke koya wa mutum inda labari ke yin sanyi kamar mutanen da ke jiransa kowane dare. Amma da sharaɗi uku, waɗanda duk daga wurin mai kammalawa aka aro su. Ya san ƙarshen labarinsa kafin ya saki shafin farko, ya rubuta shi ya ajiye. Ya kasance yana da shafi goma a hannu waɗanda ba a gani ba, don ranar rashin lafiya. Ya kuma yi alkawarin da zai iya cikawa: Litinin da Alhamis sun wadatar, in dai ba za a saɓa ba. Wanda kuwa ya riga ya yi suna, yana da labarin da yake so a karanta bayan shekara talatin, gara ya jure gorin masu cewa ya ɓuya, ya gama, ya gyara, sannan ya yanke shawarar ko zai buga shi ne ko zai riƙa tsakurowa.