Kafin alƙaluman Batsari su isa Abuja

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan ƙananan asibitocin Batsari da Safana a Jihar Katsina sukan tattara abin da ke cikin rajistocinsu: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awo, mutum nawa zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Ana shigar da alƙaluman cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya ta mayar rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Sai dai masu zagayen rigakafi suna cika nasu a waya, ma'ajin magunguna ma yana da nasa lissafin. Dole a sami manhajar da za ta ɗebo daga nan da can, ta tace, ta zuba wuri guda.

Ingancin wannan manhaja daga kwamfutar mai rubuta ta yake farawa. Ana girka mata irin rumbun bayanan da ke kan babbar na'ura, sigarsa ɗaya, don kada abin da ya yi aiki a ofis ya ƙi yi a fage. Manhajar Docker na taimaka wa kowa a ƙungiya ya sami yanayin aiki iri ɗaya, Git kuma na adana kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Rumbun gwaji daban, na aiki daban. Bayanan gwaji kuwa na ƙirƙira ne, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba ta yarda a yi sakaci da sirrin majinyata ba.

Gwajin shi ne wurin da sanin gida ke amfani. Wani ya rubuta Dutsin-Ma, wani Dutsinma. Wani Ɗanmusa, wani Dan Musa. In manhaja ba ta gane wuri ɗaya ba ne, gari guda ya zama biyu a rahoto. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ ma sukan rikiɗe su koma alamar tambaya in ba a saita rumbun da kyau ba. Ga kuma batun sabis. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Don haka mai gwaji ya riƙa cire intanet da gangan ana tsakiyar tura bayanai, ya ga ko manhajar za ta ci gaba daga inda ta tsaya ba tare da ta ƙirga yaro ɗaya sau biyu ba.

Da waɗannan alƙaluma ake raba allurai da magunguna. Kuskure kaɗan na iya hana garuruwa irin su Ruma ko Runka kasonsu. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su tanadar wa ɗalibansu irin waɗannan kwamfutoci, da sola mai ɗauke su, domin ɗan yankin ya fi kowa sanin inda bayanansa ke tuntuɓe.