Motsi Ya Fi Laɓewa

Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ran Alhamis zai ga abin da muke so mu yi magana a kansa. A dā mutanen ƙauye sukan yi sammako a ƙasa, suna kore da awaki zuwa kasuwa, su komo gida da yamma. Yanzu kuwa babur ne ke ɗauke da mutum da akuyarsa gaba ɗaya. Injin niƙa ya hutar da mata, famfo kuma ya rage jan guga. Waɗannan abubuwa sun rage mana wahala ƙwarai, amma sun rage mana motsi kuma.

Wataƙila wani zai ce, "Ashe manomi za a gaya wa ya motsa jiki?" Gaskiya ne, daga shuka zuwa girbin gero da wake da riɗi, ba mai zama. Amma damina a ƙasarmu wata uku ce zuwa huɗu. Da an kai amfani rumbu, wanda bai tafi cin rani ba sai zaman gindin itace da dara har wata da watanni. Ran da ruwa ya sauka sai a tashi da ƙarfi, alhali jiki ya riga ya mutu. Shi ya sa ciwon baya da na gwiwa kan kama mutum a noman fari, daidai lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa.

Akwai wadda ta fi wannan. Zuciya ma tsoka ce, tana son aiki. Yawan zama yana taimakon hawan jini da ciwon sukari. Hawan jini kuwa ba ya yin sallama, sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye tukuna a sani. In maigida ya kwanta, gona ta kwanta ke nan, bashin ƙungiya kuma yana jira.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni. Ga yadda za mu bi shi a gidajenmu.

Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar minti 60 kowace rana. Langa, da kokawa, da ƙwallo, da gaɗa sun isa. Kada mu bar waya ta ƙwace musu dandali, kada kuma mu ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu mu ce motsa jiki ne.

Manya suna bukatar minti 150 zuwa 300 a mako. Wato tafiya da sauri ta rabin sa'a, kwana biyar a mako, ta cika ƙaramin ma'aunin. Mace mai ciki, in lafiyarta ƙalau, ita ma minti 150 ne, sai dai ta nemi shawara wurin awo.

Dattawa daga shekara 65 su ne muka fi yi wa laifi saboda ladabi. Mukan ce, "Baba, zauna ka huta," mu karɓe masa kome. Tsokar da ba a mora kuwa ƙanƙancewa take yi, daga nan sai faɗuwa da karaya. Bari Baba ya zaga gona da safe, ya ba tumaki harawa. Bari Inna ta yi sharar tsakar gida. Kwana uku a mako su gwada tashi daga kujera ba tare da dafa kome ba, da tsayawa a ƙafa ɗaya kusa da bango.

To, mene ne aikin ƙungiyoyinmu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar? Mu sa ranar gayya da rani: kai taki gona, gyaran shinge, ban ruwan itatuwan da muka dasa. Wanda gidansa ke kusa ya zo taro a ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin bazara, a yi aikin da sassafe ko bayan la'asar, a riƙa shan ruwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya dakata, ya tafi asibiti.

A taro mai zuwa, shugaba ya tambayi kowa yaushe rabonsa da awon jini. Wanda ya shekara bai yi ba, a haɗa shi da ɗan rakiya zuwa asibiti mafi kusa kafin ruwa ya sauka.